Takardar Sallama Daga Asibiti: Abin da Likitan Iyali Ke Bukatar Gani

Ranar da aka sallami majinyaci daga asibiti, jinyarsa ba ta ƙare ba, hannu kawai ta sauya. Likitan iyali ne zai ci gaba da duba shi, kuma sau da yawa bai san komai game da kwanciyar ba sai abin da takardar sallama ta gaya masa. Don haka ma'aunin ingancinta ɗaya ne: shin likitan da bai ga majinyacin a kan gado ba zai karanta ta ya san abin da ya rage a yi, da wanda zai yi shi?

Bincike ya nuna inda ɓarakar take. A 2007 mujallar likitanci ta JAMA ta buga nazarin Sunil Kripalani da abokan aikinsa, wanda ya gano cewa a ziyarar farko bayan sallama, kashi 12 zuwa 34 cikin ɗari na takardun ne kawai suka riga suka isa hannun likitan. Wani binciken na 2005 a asibitocin Boston ya nuna kashi 41 cikin ɗari na majinyata sun koma gida alhali sakamakon wani gwajinsu bai fito ba. A Ingila, hukumar lafiya ta NHS ta wajabta aika takardar cikin awa 24. Sai dai isowa da wuri ba ta da amfani idan saƙon ya ɓace cikin tarin bayani.

Takarda mai kyau tana faɗin cutar da aka tabbatar, sannan ta tsaya sosai a kan magunguna: wanne aka fara, wanne aka dakatar, wanne aka sauya adadinsa, kuma saboda me. Idan an janye maganin hawan jini domin ƙoda ta taɓu, amma ba a rubuta dalili ba, likitan iyali zai iya ɗauka mantuwa ce ya mayar da shi. Haka nan ta ambaci gwajin da ake jira da wanda zai bi sawunsa, da ranar da za a sake auna jini, da abin da aka riga aka gaya wa majinyaci da danginsa.

Wasu za su ce ƙananan likitocin da ke rubuta takardun nan aiki ya yi musu yawa, gara kwamfuta ta kwashe duk bayanan ta aika. Gaskiya ne lokaci ya yi ƙaranci, amma kwamfuta ba ta san dalilin da ya sa aka yanke hukunci ba, kuma shafi biyar na lambobin gwaji sukan binne layi ɗayan da zai hana a sake kwantar da mutum. Zaɓen abin da ya fi muhimmanci aikin likita ne. Ya kamata asibitoci su koyar da shi, su ware masa lokaci, manyan likitoci kuma su riƙa duba takardar kafin ta fita.