Gadon Da Alƙali Ba Ya Rabawa

Idan mutum ya riga mu gidan gaskiya, a kan tara magada a gaban alƙali, a lasafta gona da gida da dabbobi, a ba kowa rabonsa, magana ta ƙare. Amma akwai wani gado wanda ba a lasafta shi, ba ya kuma jiran mutuwa kafin ya sauka a kan magaji. Shi ne ciwon zuciya da mace kan ɗauko daga ɗakin uwarta, ta kawo ɗakinta, ta ɗora wa 'ya'yanta, su kuma su yi gaba da shi.

Mun sani magana ce mai nauyi. A ƙasarmu babu mai daraja kamar uwa, addini ya ɗaukaka ta, al'ada ta ɗaukaka ta, kowa kuma yana neman albarkarta, yana tsoron bakinta. Ba mu zo mu rage mata ko ƙwayar gero daga darajar nan ba. Amma fa wanda ya fi kowa kusa da kai, shi ne in ya yi maka rauni ya kan fi zurfi. Yin shiru kuwa bai taɓa warkar da gyambo ba.

ABIN DA MUKA GANI A WANI AJI

Shekarun baya mun je duba ɗaliban kwalejin horon malamai da aka tura koyarwar gwaji. Muka zauna a bayan wani aji biyu, wata ɗaliba mai hankali, wadda kowa ya ke yabo, tana koyar da karatu. Wata 'yar yarinya ta kasa karanta kalma guda a allo, har sau uku. Sai muka ji malamar ta daka mata tsawa ta ce, "Ke dai haihuwar asara ce, ba za ki taɓa zama kome ba!" Aji ya yi tsit. Ita kanta malamar ta tsaya da alli a hannu, jikinta yana rawa.

Da aka tashi muka kira ta gefe. Kafin mu buɗe baki sai ta fashe da kuka, ta ce, "Ranka ya daɗe, wallahi ban san sa'ad da maganar nan ta fito ba. Muryar Inna ce na ji a bakina. Haka ta ke ce mini tun ina ƙarama, na kuwa yi rantsuwa ba zan taɓa faɗa wa ɗan kowa ba."

Daga baya muka ji sauran labarin. Ita Innar tun tana 'yar shekara huɗu aka saki uwarta, ta tashi a hannun kishiyar uwa, aka aurar da ita tana 'yar shekara goma sha huɗu, ta haihu ba ta san mene ne lallashi ba. Watau kalmar da ta faɗo a kan 'yar aji biyun nan ta ratso gida uku kafin ta iso gare ta.

MENE NE CUTA, MENE NE HORO?

Kada a ɗauka kowane faɗa cuta ne. Uwa ta kan tsawata, ta kan hana, ita ma ta kan gaji ta yi kuskure, tsakanin harshe da haƙori ma a kan saɓa. Abin da mu ke nufi shi ne wanda ya zama abincin yau da gobe: zagi mai ƙasƙantar da yaro, duka don huce haushin miji ko na kishiya, fifita wani ɗa a kan wani a fili, barazana da baki a kan abin da bai taka kara ya karya ba, da kuma uwar da ta ke nan a gida amma yaro ya yi ta kuka kamar ba kowa. Horo ya kan nuna wa yaro aikinsa ne ba shi da kyau. Cuta kuwa ta kan sa ya gaskata shi kansa ne ba shi da amfani.

Akwai kuma maganar alkunya. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Baturiya Mary Smith ta rubuta labarin rayuwarta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta bayyana yadda iyaye ke jin kunyar ɗan fari, da yadda a ke ba dangi riƙon yara. Alkunya ba ƙiyayya ba ce. A babban gida, in uwa ta kau da kai daga ɗan farinta, ga kaka, ga gwaggo, ga matar baffa, kowa da hannun ɗauka. Amma yau ma'aikaci ya kan ɗauki matarsa su tafi garin da aka tura shi, su kama ɗaki biyu na haya, ba kaka ba gwaggo. Alkunya ta biyo su, masu cike gurbin sun tsaya a gida. To, yaron nan wa zai rungume shi?

ABIN DA MASANA SUKA BINCIKO

A Amurka, daga 1995 zuwa 1997, wasu likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun tambayi manya fiye da 17,000 irin wahalar da suka sha a gida suna yara, kamar zagi, da duka, da ganin ana dukan uwa, da zama da mashayi ko mai taɓin hankali. Kusan kashi biyu cikin uku sun sha aƙalla iri guda. Rahotonsu na 1998 ya nuna waɗanda suka sha iri huɗu ko fiye, hatsarin su faɗa shaye-shaye, ko ciwon baƙin ciki, ko ƙoƙarin kashe kai, ya ninka na waɗanda ba su sha ko iri guda ba sau 4 zuwa 12, har ciwon zuciya da na hanta sun fi yawa a cikinsu. Ashe abin da aka yi wa yaro ɗan shekara biyar ya kan bi shi har asibiti yana da furfura.

To, ta wace hanya ciwon ke ƙetarawa daga uwa zuwa 'ya? A jini ya ke? Wani masani a Kanada, Michael Meaney, da abokan aikinsa sun gwada da ɓeraye. Akwai uwar ɓera mai yawan lasar 'ya'yanta, akwai mai sakaci, 'ya'yan mai sakacin kuwa su kan tashi da yawan firgita, matansu su zama masu sakaci. A 1999 suka ba da labarin musanya da suka yi: suka ɗauki jariran mai sakaci suka ba mai lasa ta rene su. Da suka girma sai suka bi halin wadda ta rene su. Lalle ɓera ba mutum ba ne, amma darasin a fili ya ke, reno yana iya juya abin da a ke zaton gado ne na jini.

Wadda ta fi ba mu haske ita ce Selma Fraiberg, mai aikin jinyar zukatan yara a Michigan. A 1975 ta ba da labarin wata uwa da jaririyarta ke tsala kuka a gabanta, ita kuwa tana zaune kamar ba ta ji. Masu jinya ba su yi mata faɗa ba. Suka yi ta zuwa gidanta suna sauraron labarin ƙuruciyarta, yadda ita ma aka yashe ta tana ƙarama. Sa'ad da ta sami mai jin nata kukan, ta yi kukan da ba ta yi ba tun tana yarinya, sai ga shi ta fara jin kukan 'yarta, tana ɗaukarta tana rungumewa. Abin da Fraiberg ta lura shi ne, iyayen da ke maimaita cuta sun tuna abin da aka yi musu sarai, amma sun binne zafin da suka ji. Su ne masu cewa, "Ai mu ma haka aka yi mana, ga mu mun zama mutane." Waɗanda ke tuna zafin, su ne ke cewa ɗansu ba zai ɗanɗana shi ba.

BA ZANEN DUTSE BA NE

A kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A nan dai karin maganar bai ci ba. A 1987 masana biyu na Jami'ar Yale, Joan Kaufman da Edward Zigler, sun auna binciken da aka yi kafinsu, suka ƙiyasta wajen 30 cikin 100 na waɗanda aka cuta suna yara su ke cutar 'ya'yansu. Adadin ba kaɗan ba ne, amma a juya shi a gani: wajen bakwai cikin goma sun sauke kayan a hanya.

Me ya taimake su? A 1988 Byron Egeland da abokan aikinsa a Minnesota sun gwama uwayen da suka maimaita cuta da waɗanda suka tsira. Suka tarar waɗanda suka tsira sun fi samun abu uku: wani babba da ya nuna musu ƙauna suna yara, ko mai jinyar zuciya da suka daɗe suna gani, ko miji mai natsuwa da ke tallafa musu. A lura, biyu daga cikin ukun nan ba su bukatar ko kwabo.

INA MAFITA?

Ga wanda ya tashi da ciwon nan, matakin farko shi ne ya kira abin da sunansa, ko da a zuciyarsa. Cewa "an cuce ni" ba saɓa wa iyaye ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Na biyu, ya sami amintacce guda ya faɗa masa, ko aboki, ko malami mai hikima. In abin ya kai ga rashin barci, ko ƙin abinci, ko tunanin halaka kai, to, a tafi asibiti, akwai likitocin wannan fanni a Kaduna da Kano da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, zuwa wurinsu kuwa ba hauka ba ne. Na uku, ya nemi sanin tarihin uwarsa. Sanin dalili ba ya mai da cuta daidai, amma ya kan nuna wa mutum ba muninsa ne ya jawo ba. Na huɗu, ya ci gaba da kyautata mata, da gaisuwa da ciyarwa da tufatarwa, amma kyautatawa ba ta tilasta masa ya miƙa mata 'ya'yansa ta yi musu abin da ta yi masa. Yafewa alheri ce babba, sai dai ba a tatsarta da ƙarfi, kada kuma a jira sai uwa ta nemi gafara, gama da yawa ba za su iya ba.

Ku magidanta, kada ku karanta wannan ku ce laifin mata ne. Matar da a ke zagi da dare, ita ce ke zagin yaro da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wajen 13 cikin 100 na masu jego su kan kamu da ciwon damuwa, a ƙasashe masu tasowa kuwa kusan 20. In ka ga maijego ta yi shiru, ba ta son ɗaukar jariri, tana kuka ba dalili, kada ka ce raki ne. Ka kai ta asibiti, ka nemo mata mai taya ta, kai ma ka ɗauki yaron.

Ku kuma malamai, ku tuna da babban nan guda da Egeland ya ambata. Yaron da ke kāre kai da hannu in ka ɗaga alli, da yarinyar da ba ta taɓa ɗaga ido ba, da wanda ba ya son a tashi a koma gida, duk suna gaya muku wani abu. Ba a ce ku shiga gidan mutane ku yi shari'a ba, ko da ya ke in kun ga rauni a jiki wajibi ne ku sanar da shugaban makaranta. Abin da a ke nema ƙanƙane ne: ka kira shi da sunansa, ka yaba masa in ya yi daidai, ya tarar da kai gobe yadda ya bar ka yau. Ɗa na kowa ne.

Ɗalibar nan da muka ambata, washegari ta kira 'yar aji biyun a gaban yara ta ce, "Abin da na faɗa miki jiya ba gaskiya ba ne, ki yafe mini." Da hutu ta je gida, ta zauna tana taya Inna tsinken zogale, ta ce, "Inna, ba ni labarin gidan da kika tashi." Tsohuwar ta yi shiru, sa'an nan ta yi ta magana har la'asar. Ba ta nemi gafara ba, har ta rasu ba ta nema ba. Amma da muka sake gamuwa da malamar bayan shekaru, da 'yarta a hannu, ta ce mana, "Ranka ya daɗe, har yanzu muryar ta kan zo mini har maƙogwaro. In na ji ta sai in miƙa yarinyar ga babanta, in fita tsakar gida in sha ruwa, in dawo."

Ba mu san wani magani da ya fi wannan ba. Allah ya jiƙan iyayenmu mata, ya yafe musu abin da suka yi cikin rashin sani, mu kuma ya ba mu ikon tace abin da za mu bar wa na baya. Amin.