Kwanon Niƙa da Rumbun Bayanai: Yadda Kwamfuta Ke Mayar da Amsa

Duk wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada ya san yadda ake kai niƙa. Yarinya kan ɗauki kwano cike da dawa ta miƙa wa mai inji, sannan ta koma gefe. Ba ruwanta da abin da ke gudana a cikin injin, ita dai a mayar mata da gari. Idan kuwa surfe aka kai, sai ta riƙo wani kwanon da babu kome a cikinsa domin a zuba mata dusa. Wannan kwano na biyu shi ne abin da masana kwamfuta ke kira gurbin fita.

Tun a 1970 Edgar Codd na kamfanin IBM a Amurka ya fito da dabarar tsara bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna, daga bisani aka samar da harshen SQL domin yi wa irin wannan rumbu tambaya. Da aiki ya yawaita, sai aka ga ya fi sauƙi a rubuta jerin umarni sau ɗaya, a raɗa masa suna, a ajiye shi a cikin rumbun, wato ajiyayyen umarni. Manhajar Oracle ta samu wannan tsari a 1992, MySQL kuwa sai a 2005. Mai kiran umarnin kan miƙa bayani ta gurbin shiga, ya karɓi amsa ta gurbin fita. Akwai ma gurbi mai aiki biyu, kamar kwanon da ya tafi da hatsi ya dawo da gari.

Ga misali daga fannin lafiya. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa bai wa ƙananan yara maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro wata-wata a lokacin damina a yankin Sahel, kuma Jihar Katsina na cikin wuraren da ake gudanar da shirin. Sai dai ƙunshin maganin iri biyu ne: na 'yan wata 3 zuwa 11 daban, na 'yan wata 12 zuwa 59 daban, domin jikin jariri ba ya ɗaukar abin da ɗan shekara huɗu ke ɗauka. A ƙaddara an zuba sunayen yaran ƙananan hukumomin nan biyu a rumbu guda. Jami'i ba ya bukatar dubban sunaye. Zai miƙa sunan wuri, rumbun ya ƙirga, ya mayar masa da adadi biyu kacal ta gurabe biyu. Sadarwa ko mai rauni ce za ta ɗauki wannan, kuma sirrin iyalai bai fita ba.

To, amma a nan ne gizo ke saƙar. A manhajar SQL Server, idan mai kira ya manta da rubuta kalmar OUTPUT a gaban gurbinsa, umarnin zai gudana lami lafiya ba tare da wani gargaɗi ba, amma amsar ba za ta iso ba. Wata matsalar ta fi wannan ɓoyuwa. A takardun Turanci ana rubuta Kankia, a Hausa kuma Kankiya. Idan rumbun ya san ɗaya aka tambaye shi ɗayan, zai ƙirga ya ce sifili, alhali garin cike yake da yara. Wanda ya gaskata wannan sifili zai aika mota ba magani.

Saboda haka ne ƙwararru ke ƙara gurbi na uku, wanda aikinsa kawai ya faɗi ko an samu wurin da aka tambaya ko ba a samu ba, kuma shi ake fara dubawa kafin a karanta adadin. Mafi inganci ma shi ne a bai wa kowace mazaɓa lambarta, a riƙa tambaya da lambar maimakon suna.