HAWAN BABUR DA CIWON ƘAFA

Babur ya zama jakin wannan zamani. Da shi a ke zuwa gona, da shi a ke cin kasuwa, da shi a ke kai mara lafiya asibiti, magidanta da yawa kuma da shi su ke ci da iyalinsu. Saboda haka in mutum ya ji ciwo a ƙafa, abin da ya kan fara damunsa shi ne yaushe zai koma kan babur. Wannan takarda za ta ba ku amsa. A karanta ta a zaure, a kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

AIKIN ƘAFA A KAN BABUR

Mai hawan babur da gaɓoɓi huɗu ya ke tuƙi. Hannun dama shi ke riƙe totur da birkin gaba. Hannun hagu shi ke kama kuloci. Ƙafar hagu ita ke sa giya. Ƙafar dama ita ke taka birkin baya, ita ce kuma ke buga kik.

Akwai wani aiki da ya fi waɗannan nauyi. Babur ba ya tsayawa da kansa. Duk sa'ad da aka tsaya, ƙafa ce ke tokare shi. Babur irin na haya ya kai kilo 100, watau kamar buhun masara, ban da nauyin mai tuƙi da na wanda ya goya. In ya karkata wajen ƙafa mai ciwo, ita za ta ɗauki wannan nauyi duka. In ta kasa, sai ya faɗi a kanta, ƙaramin ciwo ya zama babba.

Ga kuma maganar birki. Babur mai gudun kilomita 40 a awa ya kan ci mita 11 cikin daƙiƙa ɗaya. Ƙafa mai ciwo ta kan yi nawa, domin jiki yana gudun zafi. To, in yaro ya fito a guje daga lungu, ƙafar ta yi jinkirin daƙiƙa ɗaya tak, babur ya riga ya ci mita 11 kafin birki ya fara kamawa. Kada ka ce birkin gaba ya ishe ka. A kan yashi ko laka, in ka damƙe shi shi kaɗai, tayar gaba sai ta zame.

IRIN CIWON DA TSAWON JINYARSA

Targaɗe. Jijiyoyin da ke riƙe gaɓa ne su ka miƙe fiye da kima, ko su ka yage. Ƙaramin targaɗe ya kan warke cikin mako 1 zuwa 3. Babba ya kan kai mako 6 ko fiye. A kwana 2 na fari a huta, a ɗaga ƙafar bisa matashi, a riƙa ɗora tsumma mai ruwan sanyi na minti 15 zuwa 20. Kada a murza da ƙarfi.

Karaya ko tsagewar ƙashi. Ƙashin ƙafa ya kan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗu, na idon sawu har mako 12. Haɗuwar ƙashi kuwa ba ita ce ƙarshen jinya ba, gama naman ƙafar ya kan saki saboda zama. A shekarar 2003 likitocin ƙashi a Amurka sun gwada mutanen da aka yi wa aiki a idon sawun dama, su ka ga sai bayan mako 9 ƙafar ta koma taka birkin mota da sauri kamar dā. Mai mota kuwa a zaune ya ke, ba ya tokare kome da ƙafa.

Yanka, ko sukar ƙusa ko ƙaya. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da bandeji mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, ko man birki, ko baƙin mai. Ƙwayar cutar sarƙe-haƙora a cikin ƙasa da kashin dabbobi ta ke zama, ta miki ta ke shiga jiki, tana kuwa kisa. A je ɗakin shan magani a ranar, a tambayi allurar rigakafinta.

Ƙunar salansa. A zuba ruwan sanyi mai tsabta har minti 20. Kada a shafa man goge baki ko ɗanyen ƙwai, kada kuma a fasa ƙurjin da ya taso.

ALAMUN DA KE NUNA A TAFI ASIBITI YAU

1. Mutum ya kasa yin taku 4 a kan ƙafar.
2. Ƙafar ta karkace, ko ƙashi ya fito fili.
3. Yatsu sun yi sanyi, ko sun fara baƙi, ko ba a jin su.
4. Miki yana fid da mugunya ko wari, ko zazzaɓi ya shiga.
5. Mai ciwon yana da ciwon sukari. Irin wannan, ko ƙanƙanen miki ne kada a raina shi, gama ba ya jin zafi sosai, mikinsa kuma ba ya saurin warkewa.

Hoton ƙashi ne ke raba targaɗe da tsagewa, ido ba ya raba su. In an riga an yi ɗori a gida, ku lura da yatsu dare da rana. Ɗaurin da ya matse ƙwarai ya kan hana jini gudu, nama ya ruɓe, har a kai ga yanke ƙafa. In kun ga alama ta 3, a sassauta ɗaurin nan da nan, a nufi asibiti. Karaya mai wuya a kan tura ta asibitin ƙashi, kamar na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959.

ABIN DA DOKA TA CE

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ita ke lura da manyan hanyoyin Nijeriya, tare da 'yan sanda. Lalle ne mai tuƙa babur ya kai shekara 18, ya mallaki lasin mai harafin A, baburinsa kuma yana da lamba da takardu da inshora. Lalle ne shi da wanda ya goya su sa hular kwano. Tun ran 1 ga Janairu 2009 aka tsananta wannan doka.

Tuƙin ganganci laifi ne, akwai tara, akwai ɗauri. Lasin shaida ce cewa mutum yana iya sarrafa abin hawansa. Wanda ya hau da ƙafa cikin siminti ko karan ɗori, ya san ba ya iya taka birki, in ya buge wani ba shi da ta cewa gaban alƙali. Lasin da ke aljihunsa ba zai wanke shi ba.

Wanda nakasarsa ta zama ta dindindin, doka ba ta hana shi neman abinci ba. Akwai lasin na musamman mai harafin J domin nakasassu. Sai ya je ofishin lasin a duba shi, a kuma gyara masa abin hawa daidai da halinsa.

MAGANIN KASHE ZAFI

Waɗansu su kan sha ƙwaya don su danne zafi su fita aiki. Wannan kuskure ne babba. Zafi shi ne ɗan aiken jiki, yana gaya maka ƙafa ba ta warke ba. In ka kore shi, ka taka ta, tsagewa ta kan zama karaya. Tiramadol da kodin kuma suna kawo barci da jiri, suna rage hanzari. Wanda ya sha su kada ya hau babur, ko da likita ne ya rubuta masa.

GWAJI KAFIN A KOMA HAWA

Kada ka hau sai an cire siminti ko ɗori, malamin asibiti ya yarda, ka kuma ci waɗannan gwaje-gwaje:

1. Ka yi tafiya ba ɗingishi, ba sanda.
2. Ka tsaya a kan ƙafar ita kaɗai har daƙiƙa 30.
3. Ka yi ɗage a kan yatsunta sau 10 ba zafi.
4. Ƙafar ta shiga takalmi sau-ciki. Silifa ba takalmin babur ba ne.
5. Ka hau babur a kashe, wani yana riƙe da shi, ka taka birki da ƙarfi, ka sa giya, ka karkata shi wajen ƙafar ka tokare.

In ka faɗi ɗaya, ka ƙara mako guda ka sake gwadawa. In ka ci duka, ka fara da gajeriyar tafiya da rana, a hanyar da ka sani, ba goyo, ba kaya. Babur mara giyar ƙafa ma sai an tokare shi da ƙafa, saboda haka wannan gwaji ya shafe shi.

IN ZA A KAI MAI CIWO ASIBITI

Mota ko keke mai ƙafa uku sun fi. In babu sai babur, mai lafiya ne zai tuƙa, ya tafi a hankali. A naɗe bakin bandeji da bakin riga ko zane, kada su shiga cikin taya ko sarƙa. A nisanta ƙafar da salansa. In haɗari ya auku a hanya, a kira lamba 122.

GA MAI GIDA DA IYALINSA

Gwamnati ta san zaman gida yana da wuya ga wanda baburinsa ne gonarsa. Amma ku yi lissafi. Hutun mako 6 yana da ƙarshe. Ƙashin da ya sake karyewa ya kan cinye watanni, ga kuɗin asibiti, ga gyaran babur, ga hakkin wanda aka buge. Gara a ba wani ɗan'uwa mai lasin babur ɗin ya yi aiki a raba abin da ya samu, ko a nemi taimakon ƙungiyar masu haya.

Uwar gida, in mai gida ya ɗauki makulli yana ɗingishi, ki tuna masa. Iyaye, ku hana 'ya'yanku. Masu unguwa da limamai, ku faɗa wa jama'a. Sauri ya haifi nawa. In kunne ya ji, jiki ya tsira.