Harawa Da Dusa

Dukawuya unguwa ce a yammacin birnin Kano, ba nisa da Ƙofar Kabuga. A gidaje da yawa na unguwar akan tarar da turke, an ɗaure akuya ko tunkiya, ko ragon layya. Amma cikin birni babu makiyaya. Daga ƙarshen Oktoba kuwa har wajen Mayu ba a ruwa a ƙasar Kano. To, me dabbobin nan suke ci?

Abincinsu shi ne abin da ya rage bayan mutum ya ɗebi nasa a gona. Mafi daraja ita ce harawa. Da kaka manomi yakan rore wakensa, sa'an nan ya yanke yaɗon tun ganyen yana kore. Sai ya shanya, ya naɗe, ya ɗora bisa soro ko bisa itace, inda gara ba za ta kai ba. In ya yi jinkiri ganyen ya kaɗe, ya yi hasara, gama amfanin a ganyen yake. Haka ake yi wa harawar gyaɗa. Da bazara, sa'ad da ciyawa ta ƙare ƙaf, sai harawa ta yi tsada. Ran nan wanda ya yi tanadi yakan tuna, don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Dusa kuwa a gida ake samunta. In an surfa gero ko dawa, aka bakace, sai a tara dusar. Akan dama ta da ruwan tsari, a jefa 'yar kanwa. Akwai kuma kowar wake, da ƙuli-ƙuli, da anguryar da aka matse manta. Su ne ke sa rago ƙiba.

Mutum ba ya iya rayuwa da harawa, amma akuya tana iyawa. Dalili, cikinta kashi 4 ne. A babban, watau tumbi, akwai waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke narkar da busasshen ganye, ita kuwa tana taimakonsu da tuƙa.

Duk da haka sai da lura. In dusa ta yi yawa babu harawa, cikin dabba yakan kumbura, har ta mutu. Abin da ya yi funfuna guba ne. Akuyar da aka saki da yunwa kuma takan ci leda a juji, ledar ta toshe mata tumbi, ta yi ta ramewa.

Takin da aka share a gindin turke ba ya zama banza. Tun zamanin da ake jigilarsa da jakuna a mangala, gonakin bayan ganuwa ake kai shi. Gona ta ciyar da akuya, akuya ta ciyar da gona.

Tambayoyi
1. Yaushe ya kamata a yanke harawa?
2. Me ya sa akuya take tuƙa?