Aikawa da karɓa a zango ɗaya: yadda ake rage katsalandan ɗin sigina a wayar salula

Duk wanda ya taɓa riƙe oba-oba ya san dokarta: idan kana magana ba ka ji, sai ka saki maɓalli sannan muryar abokin magana ta shigo. Wayar salula kamar ta kuɓuta daga wannan doka, tunda mutum biyu suna katse juna a cikin kira. Amma dabara ce aka yi. A tsarin GSM na megahaz 900, waya tana aikawa tsakanin 890 da 915, tasha kuma tana maido mata da amsa tsakanin 935 da 960, wato hanya biyu ce mai tazarar megahaz 45. A yawancin 5G na zangon gigahaz 3,5 kuwa, hanya ɗaya ce ake karɓa-karɓa a kanta, ɗan lokaci na aikawa, ɗan lokaci na saurare, cikin saurin da kunne ba ya ganewa.

Kowace aka ɗauka, ana raba dukiya biyu ne. Zangon sadarwa ba ya ƙaruwa, kuma da kuɗi masu yawa kamfanoni ke samun lasisinsa daga hukumomi irin su ARCEP a Nijar. Shi ya sa injiniyoyi suka daɗe suna neman na'urar da za ta aika ta kuma karɓa a zango ɗaya, a lokaci ɗaya. Wannan shi ake kira ful-dufleks.

Cikas na farko shi ne na'urar tana kurmantar da kanta. Eriyar aikawa tana manne da ta karɓa, alhali siginar da ake son ji ta taso daga nesa, ta iso a gajiye. A na'urar WiFi, abin da take fitarwa ya fi mafi raunin abin da take iya ji ƙarfi da kusan desibel 110, wato sau miliyar 100. Kamar mai shela ne da lasifika a bakinsa yana son jin raɗa daga ƙarshen kasuwa.

Abin da ya sauƙaƙa lamarin shi ne na'urar ta san abin da ta aika, don haka tana iya ƙera kishiyarsa ta soke shi. A shekarar 2010 masu bincike a jami'ar Stanford ta Amurka suka gwada eriya biyu na aikawa, ɗaya ta fi ɗaya nisa daga eriyar karɓa da rabin tsawon igiyar sigina, ta yadda siginonin biyu ke kashe juna daidai inda ake saurare. Dabarar ta yi aiki, sai dai a ƙunƙuntaccen zango kawai. Jami'ar Rice ma ta yi nata gwaje-gwajen a lokacin. A 2013, Dinesh Bharadia da Emily McMilin da Sachin Katti na Stanford suka nuna an soke desibel 110 ɗin da eriya ɗaya tak: kusan 60 tun sigina tana igiyar rediyo, sauran 50 kuma da lissafi bayan an mayar da ita lambobi. Jerin yana da dalili. Idan ƙarar ta isa sashen da ke mayar da sigina lambobi da cikakken ƙarfinta, sashen zai cika ya tumbatsa, raɗar da ake nema ta ɓace, babu lissafin da zai dawo da ita.

Ko nan ma aikin ba ya ƙarewa. Amfilifaya tana ɗan gurɓata abin da aka ba ta, kuma sigina tana bugun bango ko rufin kwano ta dawo a makare. Babbar mota ta gifta, amsa-kuwwar ta sauya. Dole na'urar ta riƙa sake auna kanta a kai a kai.

Cikas na biyu shi ne ya fi wuya, kuma shi ya hana fasahar shiga gari da wuri: maƙwabta. A ce mutum biyu suna zaune a benci ɗaya a tashar mota, wayar ɗaya tana aika bidiyo, ta ɗayan tana karɓar saƙo a zango guda. Mai aikawa zai danne mai karɓa. Haka ma tsakanin turakun sadarwa, waɗanda ke tsaye sama suna kallon juna da ƙarfi mai yawa. A nan dabarar sokewa ba ta da amfani, domin wanda ake dannewa bai san abin da maƙwabcinsa ya aika ba. Abin da ya rage sai tsari: tasha ta haɗa wayoyin da ke nesa da juna a zango ɗaya, ta umarci waya ta rage ƙarfi, ta karkata haskenta daga turken da ke kusa. A cikin kamfani ɗaya ana iya shirya wannan. Tsakanin kamfanoni biyu masu gasa, ko a garuruwan iyaka inda waya kan kama reso na ƙasar maƙwabta, magana ta koma ta yarjejeniya.

Saboda haka ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin 4G da 5G, ta zaɓi tsaka-tsaki. A kundinta na 18 ta nazarci tsarin SBFD, ta ci gaba da shi a na 19. Ana yanka zango ɗaya gida-gida, wani yanki na aikawa, wani na karɓa, da ƴar tazara a tsakani. Tasha kaɗai ke yin biyun a lokaci guda, da allunan eriya daban-daban. Wayar hannu tana nan a kan karɓa-karɓarta.

Wannan ba ninka sauri ba ne kamar yadda aka yi fata da farko, kuma duk tallar da ta ce haka a yi hattara da ita. Ribar tana wajen aikawa. A tsarin karɓa-karɓa da aka fi amfani da shi, kusan kashi ɗaya cikin biyar na lokaci kawai ake ba waya ta aika. Idan aka buɗe mata ƙofa a sauran lokutan, wayar da ke can gefen reso, wadda saƙon muryarta na WhatsApp ke ta juyawa bai tafi ba, za ta samu ƙarin lokacin isar da shi ga turke.