Gardamar Masu Kallo Kan Ƙarshen Twin Peaks

A 2017 David Lynch da Mark Frost suka farfaɗo da Twin Peaks, shirin talabijin na Amurka da ya tsaya a 1991. A ƙarshensa, jami'in bincike Cooper ya koma zamanin baya don hana kisan Laura Palmer, sai ya ƙare yana tambayar shekarar da ake ciki. Nan masu kallo suka rabu. Wasu suka ce mafarki ne. Wasu suka ce wata duniya ya faɗa, tunda sunan Laura ya koma Carrie. Har Lynch ya rasu a 2025 bai raba gardamar ba. A ganina, 'yan'uwa ɗalibai, darasin tarke ke nan: idan marubuci ya yi gum, hujjar cikin matani ce alƙali.