Ko Kun Sani? Unguwar da Dangi Suka Zama Hukuma

Ko kun san cewa a Sabha, babban birnin yankin Fezzan a kudancin Libiya, akwai unguwa mai suna Tayuri inda zumunci ke ɗauke da nauyin da ya kamata hukuma ta ɗauka? Galibin mazaunanta Buzaye ne da Tubawa, kuma iyayen Buzayen da dama sun baro Nijar da Mali ne bayan farin shekarun 1970 da 1980.

Da Libiya ta fito da lambar ɗan ƙasa a 2013, da yawansu ba su samu ba. In babu ita kuwa, fasfo da albashin gwamnati sai dai ka gani a hannun wani. To, da me ake rayuwa? Da dangi. Ɗan'uwa ke ba da jari, wani ɗan'uwan ke karɓar kaya a Agadas ko Dirku, amana ce kawai shaida. A al'adar Buzaye mace ce mai tanti da kayan ɗaki, ko da aure ya mutu, shi ya sa gida ke tsayawa a hannunta in maigida ya daɗe a hanya.

Mutanen Amish na Amurka ma galibi ba sa yin inshora, jama'arsu ke haɗa kuɗin asibiti. Amma su zaɓa suka yi, mutanen Tayuri kuwa dole ce ta sa su.